Ƙafar Fidela

Ƙafata ba ta birni ba ce.
Shekara ashirin da bakwai tana cikin takalmin taya,
tana bin jakunan babana daga Pashpa zuwa gindin Ishinca,
har ta baje, ta yi faɗi kamar faifai,
yatsu biyar, kowanne da gonarsa.

Sai da la'asar na shiga Huaraz,
domin Anselmo ya ce kada in zo da safe.
Ƙafar safe maƙaryaciya ce,
sai ta wuni a tsaye take faɗin girmanta.

Ya shimfiɗa takarda, na taka,
ya zagaye sawun da fensir yana tsaki.
"Wannan ba ƙafa ba ce, filin ƙwallo ne."
Na ce, "Filin nan ya kai buhun dankali
inda motarka ba ta taɓa leƙawa ba."

Na farko ja ne, siriri, mai bakin kifi.
Tsawo ya yi daidai,
amma tun ban ja igiya ba ƙaramin yatsa ya fara kuka.
Ya ce zai saki.
Na ce ni ba zan jira ba.
A can sama, inda aka matse, jini ba ya zuwa,
inda jini bai je ba, nan sanyi ke kwana.
Na sha wanke ƙafar Kawu Hilario.
Uku suka rage masa a dama.

Na biyu ya ɗara lambata da biyu.
Yatsu suka sami ɗaki da falo,
diddige kuwa ya zama baƙo mai sauri,
yana tashi, yana zama, yana tashi.
Wanda ya sayi tsawo don neman faɗi
bororo ya saya da kuɗinsa.

Na uku mai laushi ne, kamar ulun ɗan tunkiya.
Na so shi, ba zan ɓoye ba.
Anselmo ya karɓa, ya naɗe shi kamar burodi,
ya ɗora shi kan haƙoran ƙarfe goma sha biyu,
waɗanda ke cizon ƙanƙara don mutum ya tsaya.
"Ƙarfe ba ya rusuna wa kowa.
Takalmin da ya iya rusunawa
zai zubar da haƙoransa a tsakiyar gangare,
ki waiga ki ga suna sauka ba ke."

Sai ya hau kujera, ya laluba bayan kanta.
Shuɗi ne da, yanzu launin toka,
wani ƙato ya bar shi bara don ya biya kuɗin mota.
Muni kam, an ba shi.
Ƙasansa kamar ƙyauren ƙofa,
ga leɓe a diddige inda maƙalli zai kama.

Safa biyu. Na tura ƙafa gaba,
yatsan hannu ɗaya ya shiga baya, biyu sun ƙi.
Na ɗaure. Na shuri bango sau uku,
farce bai ji labari ba.
Na motsa yatsu, duk biyar suka amsa.

Ya ƙara wa sandar ƙarfen rami ɗaya,
ya danna maƙallin.
Ƙyas!
Ya ɗaga, ya girgiza, ya sake girgizawa.
Shiru.

Kuɗinsa ɗan jaki ne, wanda aka haifa a Afrilu,
mai farin hanci, mai bina har bakin rafi.

A motar komawa ban cire ba.
Babana ya ƙwanƙwasa shi da sanda,
kamar mai sayen tukunya,
ya daɗe yana saurare.
Bai tambayi kuɗi ba.
Ya ce, "Asabar ne gwajin?"
Na ce Asabar.
Ya ce, "To, ki yanke farce."